Fan Mai Ratsin Fari a Ɗaki: Ƙishirwa ce, ko Ruwa ne Ya Yi Yawa?

 Shirinmu na lambu da shuke-shuken gida ya tsaya ne a kan wata shukar ado da masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna da Kano suke kira fan, musamman irin nan mai ratsin fari ko rawaya a ganye. Mutane da yawa sun saye shi yana sheƙi, sun ajiye a falo, kafin wata biyu bakin ganyen ya ƙone, ƙananan ganye sun cika daɓe, mai gida ya yanke hukuncin cewa ba shi da hannun shuka. Akasari ba hannu ba ne. Shukar ta nuna alama, aka fassara alamar ba daidai ba.

Fan tsohuwar halitta ce. Burbushinsa da masana suka samu a cikin duwatsu ya kai shekara miliyan 360, kuma a yau akwai nau'insa fiye da 10,000 a duniya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da wata ƙura mai laushi da ke fita daga bayan ganye yake yaɗuwa. Sabon ganyensa kan fito a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, sannan ya warware a hankali. Duk falken da ya taɓa shiga kurmi ya ga danginsa suna lilo a jikin itatuwan kwakwar manja, inda rana ba ta dukan su kai tsaye, iska kuma cike take da laima safe da yamma. Wannan shi ne gidansa na asali, kuma kusan duk matsalar da yake samu a ɗaki tana komawa ne ga nisan da ke tsakanin wancan kurmi da falon da aka ajiye shi.

Masu ratsin da aka fi samu a tukwane iri biyu ne zuwa uku. Akwai wanda ake sayarwa da sunan Tiger, mai dogayen ganye da ke zubowa ƙasa, kore gauraye da rawaya-rawaya, babu ganye biyu masu zane ɗaya. Shi jikan fan ɗin Bostan ne, wanda aka tsinta a 1894 cikin wani kayan shuke-shuke da aka aika daga Filadelfiya zuwa Bostan a Amurka, aka ga ganyensa ya fi na sauran lanƙwasa da kyau, aka ware shi aka yi ta yaɗawa. Akwai kuma Pteris cretica mai farin layi a tsakiyar kowane yatsan ganye, da ɗan'uwansa Pteris ensiformis na ƙasashen Asiya masu zafi, wanda farinsa ya fi kama da azurfa. Waɗannan biyun ƙanana ne, sun fi dacewa da tebur.

Abin da ya sa mai ratsi ya fi kore zalla laulayi yana cikin ratsin kansa. Koren ganye daga sinadarin kulorofil yake, kuma da shi shuka take haɗa abincinta daga haske da ruwa da iska. Wurin da ya yi fari ko rawaya ba shi da wannan sinadari, ko kuma kaɗan ne. Ke nan farin ɓangaren ci yake ba ya nema, koren ne yake ciyar da shi. Shi ya sa mai ratsi yake girma a hankali, yake shan ruwa kaɗan-kaɗan, kuma idan wahala ta zo, farin wurin ne yake fara nunawa: shi rana take fara ƙonawa, shi busasshiyar iska take fara ƙeƙasarwa. Mai shuka da ya saba duba farin ɓangaren kowace safiya zai riga matsala isowa da kwanaki.

Babbar matsalar ƙasarmu ita ce bushewar iska. Fan yana son laimar iska ta kai kashi 50 cikin 100 ko sama da haka. A tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iska a Kano da Katsina da Maraɗi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Lokacin da leɓen mutane ke tsagewa, diddige na faso, shi ma ganyen fan yana zubar da ruwa ta ƙananan ƙofofinsa fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Sai bakin ganye ya koma ruwan ƙasa, ya ƙeƙashe kamar takarda, sabon toho ya bushe tun bai warware ba. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka take yi ko da a bazara ne, domin tana tsotse laimar ɗaki ta zubar a waje. Tukunyar da aka ajiye daidai inda iskar na'urar ko ta fanka take bugawa ita ce ta fi shan wahala.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kashe wannan shuka. Uwargida ta ga ganye ya bushe, ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Gobe ta ga bai farfaɗo ba, ta ƙara. Alhali ƙasar tukunyar a jiƙe take tun shekaranjiya, iskar ɗakin ce ta bushe. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan gurabe kwana da kwanaki, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ƙwayoyin cuta masu son damshi su ƙarasa ta. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta jan ruwa, saboda haka ganye zai yi yaushi yana tsaye a cikin laka. Abin takaicin shi ne alamar ƙishirwa da alamar ruɓewa kusan ɗaya ce a ido: ganye ya yi laushi, korensa ya dushe ya koma toka-toka.

Ido ba zai raba wannan gardama ba, sai yatsa. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓar farko. Idan aka ji sanyi da damshi, ba a ba da ruwa a ranar, ko da ganye yana kuka. Idan saman ya fara bushewa, a zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, a bari ya tsane, a zubar da wanda ya taru a faranti. Ɗaga tukunya ma yana faɗin gaskiya, domin nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa daban yake da na busasshiya. Idan kuma ƙasa ta daɗe a jiƙe, ganyen ƙasa-ƙasa suna rawaya, ana jin ɗan wari, ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga bakin tukunya, to a zare shukar a duba. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, bakinta da ɗan haske. Wadda ta ruɓe tana narkewa tsakanin yatsu. A yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, a sake ƙasa, a mayar da shukar cikin tukunyar da ba ta fi ƙarfin saiwar da ta rage ba.

Wani lokaci kuma ƙishirwar gaske ce, ko da ana ba da ruwa kullum. Ƙasar tukunya, idan ta bushe ƙayau sau ɗaya, takan janye daga jikin tukunya ta ƙi shan ruwa. Ana zubawa sai ya bi ta gefe ya fice, tsakiya na nan a bushe. Maganin wannan shi ne a tsoma tukunyar gaba ɗaya cikin bokitin ruwa na kamar rabin awa, har kumfar iska ta daina tasowa.

Tukunyar da ba ta da huda a ƙasa ba ta dace da fan ba, komai kyanta. Mai son ta don ado sai ya sa shukar a tukunya mai huda, ya zura ta cikin ta adon, yana zarewa lokacin ban ruwa. Tukunyar ƙasa irin tamu tana da amfani, domin jikinta yana numfashi yana sanyaya saiwa a lokacin zafi, sai dai tana saurin bushewa a hunturu, don haka tana son a riƙa leƙa ta akai-akai.

To, yaya ake ƙara wa iska laima? Fesa ruwa a ganye shi ne abin da kowa ya sani, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani: cikin 'yan mintoci ya bushe, iska ta koma yadda take. Tara tukwane wuri ɗaya ya fi shi, domin kowace shuka tana fitar da danshi, maƙwabciyarta ta amfana. Farantin tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya yana ɗan taimakawa, muddin gindin tukunyar bai taɓa ruwan ba. Banɗaki mai taga da haske wuri ne mai kyau a watannin hunturu. Mai hali kuma ya sayi ƙaramar na'urar da ke fesa tururin ruwa a ɗaki, wadda mutanen gida ma za su ji daɗinta a hanci da maƙogwaro.

Akwai wata dabara da ta girmi duk waɗannan. Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward yana son fan ƙwarai, amma hayaƙin kwal na birnin yana kashe duk wanda ya shuka a farfajiyarsa. A 1829 ya sa ƙwaron da zai zama malam-buɗe-littafin dare cikin kwalba da ɗan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rufe. Bayan wani lokaci sai ga fan ya tsiro a ciki. Ya lura danshin da ke tashi da rana yana taruwa a jikin gilashi, ya gangaro ya koma ƙasa, shukar kuma ta rayu shekaru ba tare da an ƙara mata ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi masu ɗauke da sunansa, waɗanda aka riƙa safarar shuke-shuke da su a jiragen ruwa tsakanin Ingila da Ostireliya da sauran ƙasashe. Ƙaramin Pteris da hunturu ya galabaitar zai farfaɗo cikin irin wannan akwati, ko ma a ƙarƙashin farar leda mai haske da aka ɗaga da 'yan sanduna don kada ta taɓa ganye. Sharaɗi biyu ne: a riƙa buɗewa kaɗan kullum don iska ta shiga, kuma kada rana ta taɓa ledar, domin cikin ɗan lokaci za ta dafa abin da ke ciki.

Batun haske yana da nasa ruɗani. Ana cewa fan shukar inuwa ce, sai a kai shi lungun falo inda ko karatu ba a iya yi sai da fitila. A can sabbin ganye za su fito sirara, zanen ya dushe, shukar ta karkata tana neman taga. Mai ratsi ya fi kore zalla buƙatar haske, tunda da rabin ganye yake neman abinci. Amma hasken da aka tace yake so. Tagar gabas mai siririn labule ita ce ta fi, ya samu sanyin ranar safe ya huta sauran yini. Tagar yamma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, tana iya ƙona farin ɓangaren a yammaci ɗaya, a wayi gari da tabo masu faɗi a tsakiyar ganye, a gefen da ke fuskantar gilashi kawai. Da wannan ake bambance ƙunar rana da ta busasshiyar iska, wadda take farawa daga baki-baki ta kowane gefe.

Littattafan Turai suna cewa tagar arewa ba ta samun rana, kuma a can kusan gaskiya ne. A nan kuwa lissafin ya ɗan bambanta. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan bi ta arewa da tsakar ka, tagar arewa ta samu rabonta safe da yamma. A hunturu sai ta karkata kudu. Tukunyar da ta ji daɗin wuri a Janairu tana iya buƙatar a ja ta baya a Yuni.

Ruwan da ake ba shi ma abin dubawa ne. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da gishiri-gishiri da sinadarin farar ƙasa. Shaidarsa ita ce farin ɓawon da ke taruwa a bakin tukunya da saman ƙasa. Idan ya yi yawa yana ƙona bakin saiwa, ƙunar ta bayyana a bakin ganye. Yana kuma hana shuka jan sinadarin ƙarfe, sai sabbin ganye su fito fari-fari gaba ɗaya, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore. Wasu kan yi murna su ɗauka ratsi ne ya ƙaru. Ratsin gaskiya yana da iyaka a fili tsakanin fari da kore, wannan kuwa koɗewa ce ta yunwa. Ajiye ruwan famfo ya kwana yana rage warin maganin da ake sa masa, amma ba ya cire gishiri. Ruwan sama ya fi kowanne, kuma wanda ya tara shi a jarka a ƙarshen damina ya yi wa shukarsa tanadi. Sau ɗaya a wata ko wata biyu, a kai tukunya waje cikin inuwa a kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke gishirin ya fice ta ƙasa.

Taki kuwa kaɗan ya isa. Ƙwayoyin takin zamani na gona, irin su NPK 15-15-15 da yuriya, sun fi ƙarfin saiwar fan idan aka barbaɗa su kai tsaye a tukunya. Takin ruwa da aka sirka zuwa rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata lokacin da shukar ke toho, ya wadatar. A hunturu a dakatar. Kuma ba a ba marar lafiyar shuka taki da niyyar magani, domin saiwar da ta riga ta ji ciwo taki ƙara mata yake yi.

Akwai fan da yawa da suka rasa ganye saboda an ɗauki irinsu a matsayin cuta. Mai shuka ya juya ganyen Pteris ya ga wani layi ruwan ƙasa ya bi gefensa, ko a wani nau'in ya ga ɗigo-ɗigo a jere, sai ya hau kankarewa ko fesa magani. Waɗannan jakunkunan ƙurar iri ne, alamar shukar ta balaga kuma tana cikin ƙoshin lafiya. Tsarinsu ne shaida: a jere suke, daidai wa daida, a bayan ganye kaɗai. Ƙwaro mai ɓawo, wanda yake kama da su, a warwatse yake zama, yana hawa har kan kara, yana ɓamɓaruwa da farce, kuma yana barin wani ruwa mai danƙo da ke jawo kiyashi. Ganin kiyashi na hawa da sauka a tukunya dalili ne na a duba da kyau. Farin ƙwaron nan mai lulluɓi da ke ɓuya a gindin ganye ana goge shi da auduga da aka ɗan tsoma a sifirit.

Mafi wuyar gani su ne wasu mitsi-mitsin dangin gizo-gizo da suke bunƙasa idan iska ta bushe kuma akwai ƙura. Suna tsotse ganye su bar ɗigo-ɗigo fari, wanda a jikin mai ratsi yake ɓacewa cikin zane har sai saƙarsu ta bayyana. A riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganye a girgiza. Idan ƙurar da ta zubo tana motsi, su ne. Wanke shukar da ruwa mai ɗumi kaɗan, sama da ƙasan ganye, duk bayan 'yan kwanaki, yana rage su sosai, yana kuma sauke ƙurar hunturu da ke toshe haske. Ganyen fan ba ya jure maganin ƙwari mai ƙarfi. Ko ruwan sabulu mai sauƙi ko man darbejiya za a yi amfani da shi, a fara gwadawa a ganye ɗaya, a jira kwana biyu a gani. Shafa wa ganye mai ko madara don ya yi ƙyalli kuwa ba shi da wani amfani gare shi, ƙura kawai yake ƙara kamawa.

Da damina ta kankama, lamarin yakan juya. Laima ta wadata, ƙasa ba ta saurin bushewa, wanda bai rage ban ruwa ba zai ga tsakiyar shukar ta yi baƙi tana narkewa, musamman Tiger mai cunkoson ganye. A wannan lokaci ana zuba ruwa ne a kan ƙasa da safe, ba a tsakiyar gindi da dare ba, a cire matattun ganyen ciki, a bar taga a buɗe.

Sai kuma ranar da mai Tiger zai ga wani ganye kore shar ya fito, ya fi sauran tsawo da kauri. Kyansa yaudara ne. Wannan sashe ya koma asalin kakansa, kuma da yake ganyensa duka yana haɗa abinci, zai fi masu ratsi ƙarfi ya mamaye tukunya, har wata rana a nemi ratsi a rasa. A bi shi har gindi a yanke. Idan daga kusurwa ɗaya irinsa suke ta fitowa, a cire wannan kusurwar da saiwarta lokacin rabawa. Ganyen da ya fito rawaya zalla shi ma ba ya daɗewa, kuma mutuwarsa ba cuta ba ce. Farin layin Pteris ya fi wannan tabbata, ba kasafai yake ɓacewa ba.

Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai sake kore ba, don haka ba a jikinsa ake auna samun sauƙi ba, a sabon toho ake aunawa. Ko da hunturu ya cinye shukar har ta zama kamar ta mutu, kada a yi saurin zubarwa. A tona gindi da yatsa: muddin yana da tauri, ga 'yan ƙananan nannaɗaɗɗun toho, da sauran rai. A aske busassun ganye a bar kamar tsawon yatsa, a ajiye a inuwa mai haske, a rage ruwa tunda babu ganyen da zai sha. Farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, shi ne lokacin sake tukunya da rabawa. Ana haɗa ruɓaɓɓen ganyen itace da ɓawon kwakwa da ɗan yashi mai kauri da gutsattsarin gawayi, yadda ƙasar za ta riƙe damshi ba tare da ta dunƙule ba. A raba gindin da wuƙa mai kaifi gida biyu ko uku, a zaɓi sassan da ratsinsu ya fi fitowa, a dasa kowanne daidai zurfin da yake a da ba tare da an binne tsakiyarsa ba, sannan a hana shi taki har sai sabon ganye ya warware.